Lissafin da Na Kai wa Inna

Yayana ne ke tada injin wuta na wani attajiri mai sayen gujiya a Tasawa, shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, lokacin da kuran, wato wutar lantarki, bai shiga gidajen mutane ba. In kaka ta yi, raƙuma da jakuna kan yi ta sauke buhuna har rana ta faɗi, shi kuma ya tada injin, fitilu su kama, a ci gaba da awo. Injin tsoho ne, kuma yana cizo. Kowa ya sani. In ka dafa jikinsa sai ka ji zirr har gwiwar hannu. Yaya dariya yake yi, ya ce gaisuwa ce.

Wata magariba aka tarar da shi kwance gindin injin, injin na ta ruri, butarsa da takalmansa na can gefe. Ba ƙuna, ba jini.

Ni lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Mayahi, ko da na iso an riga an kai shi. Kafin sadakar bakwai magana ta gama gari: abin da mutum ya shekara yana taɓawa ba ya kashe shi rana ɗaya sai da sa hannu. Hannun kuwa aka ce na abokinsa ne, wanda ke taya shi aiki, aka kuma ba shi wurin bayan rasuwar. Shi ne mijin ƙanwata. Inna, mahaifiyarmu, ta aika aka ɗauko yarinyar da goyonta, ta ce ita da gidan mijin nan har abada, sai ya ba ta takardarta. Mutumin ya zo zaure yana kuka, ko tabarma ba a ba shi ba. Ƙanwata kuwa ta daina cin abinci.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dama ba ni da haƙuri da zancen sammu, ga ƙuruciya, ga boko na yi mini kaikayi. Na tafi wurin wani mai gyaran rediyo na aro na'urarsa mai allura, wadda ke auna yadda abu ke tare wuta. A kwalej an koya mana cewa in ka raba ƙarfin wuta da wannan tarewar, za ka san yawan wadda ta ratsa. Ban taɓa zaton jikin ɗan uwana zan yi wa lissafin ba.

A kaina na gwada. Waya ɗaya a hannu, ɗaya a tafin ƙafa, jiki a bushe: allura da ƙyar ta motsa, tarewar ta kai dubu ɗari. Raba ƙarfin wutar injin, ɗari biyu da ashirin, da wannan, abin da ke ratsawa ɗan mitsitsi ne, shi ne cizon. Sai na yi alwala na sake. Allura ta zabura. Tarewar ta faɗo kusan dubu ɗaya, wutar da za ta bi jiki ta ninka sau ɗari. Da na ninka ta da ƙarfin injin, sai na ga ba ta wuce abin da ke kunna fitila guda ta rumfar awo ba. Fitila guda. Na sake lissafin, amsar ba ta canza ba.

Amma fa na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don na samo abin da zai mai da ƙanwata ɗakinta. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gujiya. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, har na jiƙa hannu na nuna mata allurar. Na ce kullum da takalmin taya yake taɓa injin, hannu a bushe. Ran nan kuwa ya tuɓe takalmi, jikinsa da ruwa, ƙasa a jiƙe. Ba wanda ya yi masa komai.

Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Ta saurare ni har na gama, hannunta ya tsaya cikin ƙwarya.

"Wato da bai yi alwala ba, da yana nan?"

Na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ta kira ƙanwata, ta ce ta haɗa kayanta, yau za ta kwana gidan mijinta, a kuma ba shi haƙuri. Sannan ta dube ni.

"Da safiyar ranar na yi wa yayanka faɗa. Na ce kullum inji ke sa shi rasa jam'i. Na ce ya riƙa yin alwala tukuna, in ya tada abin sai ya shiga sahu. Ya ce to, Inna."

Ta ci gaba da ɓara. Na so in ce lissafin na iya kuskure, amma na riga na nuna mata da idonta.

Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, ta ga jikoki har da 'ya'yansu, ba ta taɓa fashin salla ba. Sai dai in an kira magariba, yara na ta guje-guje a gabanta, takan ɗauki butarta ta zagaya ita kaɗai. Ban sake jin ta ce wa kowa ya tashi ya yi alwala ba.