Mai Sufana, Wanda Yake Sallama Kafin Ya Yanke Ruwa

Kullum da safe yakan naɗe sufanarsa a tsumma, ya tura ta ƙasan jaka kamar kayan sata, sannan ya hau keke. Aikinsa yanke ruwan gidan da bai biya hukumar ruwa ba, kuma bai taɓa daina jin kunyarsa ba. 'Ya'yansa ma sai da suka girma suka sani, don ce musu yake yi gyaran famfo yake yi.

Matan unguwa shaida ne, ba ya taɓa bututu sai ya yi sallama. "A tara ruwa, ina jira," haka yake cewa, kansa a ƙasa. Zai tsaya a rana har a cika randa da bokiti, har da butar alwala, ana zaginsa ta bayan katanga. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai shi kaɗai ne mahaucin da ke ba akuya haƙuri.

Ranar da ta fi kowacce nauyi ita ce ranar da aikin ya biyo ta gidan surukarsa. Tsohuwar ta daɗe da rantsewa ba za ta biya ba, kuma ta hana kowa ya biya mata. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, gumi na zuba.

"Ruwan Allah za ka sayar mini, ɗan nan?" in ji ta.

"Ruwa na Allah ne, Inna. Amma injin da ke turo shi mai yake sha. In na tsallake ki, da wane ido zan kalli maƙwabciyarki da na yanke wa jiya?"

Ta juya masa baya. Ya jira aka cika mata komai, sannan ya yanke. Daga baya ta biya da kanta, aka mayar mata da ruwa, amma shi ba ta mayar masa da fuska ba.

Mai Sufana, kai ne ka ɗauki baƙin jinin da ya kamata mu raba. Muna son famfo ya kawo, ba ma son jin abin da ake kashewa kafin ya kawo, sai mu sauke haushin a kanka. Wallahi abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce, mun bar ka kana ɗauke da ita.

Yanzu ga shi ka ajiye aiki. Mun gode, Mai Sufana, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa su koyi yin aiki mai ɗaci ba tare da wulaƙanta kowa ba. Mu kuma mu je mu gaishe shi, don har yau in ya durƙusa gaban surukarsa ya ce "Ina kwana, Inna," bango take kallo.