Gemun Makokin Sifis

Ranar da aka binne Argiro, mijinta Sifis ya ajiye reza. A ƙauyenmu na kan tsaunukan tsibirin Kirit kowa ya san ma'anar haka: namijin da aka yi wa mutuwa baƙar riga yake sawa, ya kuma bar gemu ya yi ta tsawo. Sifis kuwa har rantsuwa ya yi a bakin kabari cewa da nasa gemun za a binne shi. Makiyayin tumaki ne mai ƙarancin magana, ya ƙare ƙarfinsa tsakanin tatsar madara da dafa cuku, Argiro na gefe tana masa faɗa yana jin daɗi. Kafin shekara ta zagayo gemun ya doshi ƙirji, fari fat.

Sai ciwo ya zo. A asibitin birni likita ya ce dajin hanji ne, za a fara ƙara masa ruwan magani mai ƙarfi. Tun a mota 'yarsa Pelagiya ta roƙe shi kada kowa ya ji. Mu nan ba a kiran sunan wannan ciwo, sai dai a ce "mugun nan" a tofar da yawu, kuma duk wanda aka ji yana da shi, da ransa ake fara masa zaman makoki. Ta ce su ce gyambon ciki ne. Ya amince, don ba ya iya kallon hawayenta.

Ruwan farko ya nuna masa iyakarsa. Ya yi amai har cikinsa ya ƙulle, bakinsa ya yi ƙuraje, cukun da ya dafa da hannunsa ya koma masa kamar ya tsotsi ƙusa. Ko warin tumakinsa ya shaƙa sai zuciyarsa ta tashi. Duk ya daure. Abin da ya karya shi shi ne safiyar da ya farka ya tarar da gemunsa a kan matashi. An gaya masa gashin kai zai zube, amma cikin masu fararen kayan nan na asibiti babu wanda ya kalli gemun ya yi tunanin ce masa har da shi. Ya tattara abin da ya zuba ya ƙulle a ɗankwalin Argiro.

To me ƙauye ya gani? Dattijo ya fito da haɓa sumul, ga shi bini-bini ana kai shi birni cikin kayan fita. Shi ke nan, an yanke hukunci wai sabuwar mace ya samu. Mutanen nan suna ganin idonsa ya faɗa, wando na zame masa, amma babu mai tambayar lafiya, abin takaici. A shagon shan gahawa Rusos mahauci ya daki tebur ya ce, "Ango ka sha ƙamshi. 'Yar birnin ce ta ce gemu na sukar ta?" Aka kwashe da dariya. Sifis ya tashi ya koma gida ya kwanta fuskarsa na kallon bango.

Ranar addu'ar tunawa da Argiro, ana raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci kamar yadda aka saba, Sifis ya miƙa wa Kaliyopi, yayar marigayiyar. Ta janye hannunta a gaban jama'a.

"Riƙe abinka," ta ce. "Ƙanwata ko ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba ka aske ta daga fuskarka."

Pelagiya ta kama hannun rigarsa tana cewa, "Baba, don Allah mu tafi." Ya dube ta kamar mai neman gafara, sannan ya warware baƙin ƙyallen da ke kansa. Kai tal, ko girar kirki babu. Ya ciro ɗankwalin daga aljihu ya kwance shi kowa na gani.

"Yaya Kaliyopi, daji gare ni," ya ce. "Daji, sunansa ke nan, sai ku tofar da yawun. Ga gemun makokin ƙanwarki, reza ba ta taɓa shi ba."

Suka tofar kuwa. Abin da Pelagiya ta guda shi ya faru. Tun daga ranar mata ke rage murya idan ya gifta, Rusos ma ya aiko a ji ko zai sayar da tumakin. Marasa kunya, ko mutum ɗaya bai zo ya ce a yafe masa ba. Sifis ya ce wa 'yarsa ta share hawayenta, gara su saka shi cikin matattu da su saka shi cikin maciya amana. Ƙullin yana nan ƙarƙashin matashinsa, kuma ya sa ta yi masa alkawari da shi za a binne shi.