Sandar da Darus Ya Zaɓa wa Hanapi

Yayana Darus bai taɓa zaɓa wa mutum sandar kamun kifi a cikin shago ba. Ko kai wane ne, in ka zo masa da maganar sanda, sai ya tambaye ka ruwan da za ka jefa ta. In ka ce cikin ciyawa ne da kwaɗon roba, to ka shirya jiƙa wandonka. Ni ce autar gidanmu, shi ya sa ake ce mini Mak Su a ƙauyen nan. Shi kuwa Pak Ngah ake kiransa, ni kaɗai ke ce masa Abang. Zan ba da labarinsa yadda na gani, kuma ba zan ɓoye ba, har yau raina a ɓace yake.

Manomin shinkafa ne kamar kowa a wannan yanki na Kedah, amma abin da aka san shi da shi haruan ne, kifin nan mai kai irin na maciji da ke laɓewa ƙarƙashin bado. Duk matar da ta haihu, ko wanda aka yi wa aiki a asibiti, romon haruan ake ba shi don rauni ya haɗe da wuri, kuma tun ina budurwa daga hannun Darus kifin ke fitowa. Bai taɓa sayarwa ba. Da ya ji an haihu, sai ka gan shi da hantsi a ƙofar gidan da kifi a rataye, ya miƙa ya juya, ko shayi ba ya tsayawa sha. Rabin yaran ƙauyen nan da romonsa aka yi jegonsu.

Inda yake kamo su, babu wanda ya sani. Wani tsohon tafki ne can bayan gonaki, cikin kurmi, da kakanmu ya nuna masa. Bado da kainuwa sun rufe fuskar ruwan ruf, kuma hanyar shiga 'yar siririya ce, sai ka kwanta a kwalekwale rassa su wuce ta kanka. Ni kaina, da muke ciki ɗaya, sau ɗaya ya kai ni, ya kuma yi ta zagaye da ni har na kasa gane gabas. Ba ya ɗaukar fiye da abin da mai jego ke bukata. In ya ga uwa tana gadin 'ya'yanta, jajayen nan ƙanana da ke tasowa a dunƙule, sai ya naɗe zarensa ya matsa gaba.

Masu neman sanda kuwa, magudanar ruwan gonaki yake kai su, bakin titi. Ya ɗauko sanduna biyu ko uku na aro daga mai shagon garinmu, ya sa mutum ya yi ta jifa. Yakan ce sandar kwaɗo sai mai ƙarfin baya, wadda in kifi ya kama za ta ɗago shi sama da ciyawa kafin ya nutse cikin saiwoyi, don mai laushi sai dai ta rusuna tana kallo kifi ya tafi da zare. Amma bakinta ya ɗan yi rawa, yadda kwaɗon zai yi tsalle kan ganye kamar mai rai. Kada ta cika tsawo, rassa za su kama ta. Sannan ya dubi kafaɗar mutum da wuyan hannunsa, don wadda ta yi wa saurayi daidai tana iya kwantar da tsoho. Ba ya karɓar komai, sai dai a saya masa kofi.

Sai Hanapi ya dawo. Abokin Darus ne tun suna yawo ba wando, ya tafi birni aikin gadi a wata masana'anta, ya tsufa ya komo gida da tumbi da daɗin baki. Ni dai tun farko bai kwanta mini ba, amma Darus murna ya yi kamar an dawo masa da ƙuruciyarsa. Kullum suna tare a shagon kofi, suna tuna satar mangwaro.

A lokacin Salmiah, 'yar Darus tilo, tana da ciki. Ta daɗe da aure ba ta samu ba, kuma likita ya riga ya ce sai an yi mata aiki. Tun ranar da ta gaya wa ubanta, ya daina taɓa manyan kifayen tafkin. Ya ce mini ya bar su su yi ƙiba, na Salmiah ne. Duk matan da ya yi wa hidima, yanzu layi ya zo kan tasa.

Hanapi ya ce shi ma yana son koyon jifan kwaɗo, zaman banza ya ishe shi. Darus ya aro sanduna ya kai shi magudana. Ina wajen, na kawo musu abinci, na ji da kunnena. Hanapi ya yi jifa ɗaya ya taɓe baki.

“Ngah, wannan ai ciyawar yara ce. Ni za ka kawo bakin titi kamar baƙo? Rana ɗaya fa aka yi mana kaciya, kai ka fi kuka.”

Darus ya yi dariya har da hawaye, ya ce ƙarya yake, shi ne ya gudu ya hau bishiyar kwakwa. Hanapi ya ci gaba da naci, wai ta yaya zai san ƙarfin sanda in bai gwada ta cikin ciyawa ta gaske ba. Na harari yayana, ya yi kamar bai gani ba. Washegari da asuba suka shiga kwalekwale su biyu, kuma bai zagaya da shi ba kamar yadda ya yi mini.

Da suka dawo, Darus ya gaya mini abokin nasa ba shi da hannu ko kaɗan. Kwaɗo na gabansa, shi yana ta waige-waige yana kallon itatuwa. Ya zaɓa masa wata baƙa marar nauyi, irin ta zamani, amma Hanapi ya ƙi. Ya ce ya ji irin waɗannan suna jan tsawa, shi kuwa tsoron aradu yake, a ba shi wadda wuta ba ta bi. Darus ya ga maganar da gaskiya, don a filin shinkafa ba a wasa da hadari. Ya zaɓo masa tsohuwar ƙira mai kauri, wadda ta fi kowace ƙarfin baya, ya zauna ya ɗaura masa zare da hannunsa, ya kuma ba shi kwaɗi biyu daga cikin nasa.

Ba a daɗe ba, wata safiya Darus ya dawo da wuri, kwalekwale wayam. Ya zauna a matakalar gida bai cire hularsa ba. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. An sassare rassan hanyar an faɗaɗa ta. Ruwan ya yi fari da cikin ƙananan kifi, har da jajayen 'ya'yan nan, suna yawo a tsakanin bado a mace. Babu manya ko ɗaya. Ya ce aikin masu sa wa ruwa wutar batir ne, ya san shi, ba ya barin babba ba ya barin yaro. Na ce Hanapi ne. Ya ce in ji tsoron Allah.

Ban ji ba. Na yi kamar zan sayi ƙwai a wajen Bedah, matar Hanapi, na leƙa ƙarƙashin gidansu. Ga batirin mota, ga akwatunan ƙanƙara irin na masu kai kifi gidajen abinci a birni, ga kuma sandar a jingine. An fizge zobban da zare ke bi, an nannaɗe ta da wayar wuta tun daga mariƙi har baki. Nan na gane aradun da yake tsoro. Sanda yake so mai ƙarfin ratsa ciyawa, wadda wutar ba za ta biyo ta kama hannunsa ba, kuma yayana ne ya zaɓa masa ita, a bakin ruwan da za a kashe.

Na je na jawo Darus ya gani da idonsa. Hanapi yana zaune yana shan taba, ko a jikinsa. Ni na yi masa tatas, babu abin da ban kira shi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Su, ruwan Allah ne, ko Abang ɗinki ne ya haƙa shi? Shekara nawa yana ci shi kaɗai ana ce masa mutumin kirki?” Ya juya wajen Darus ya ce kifi ai zai dawo, kada tsofaffi biyu su ɓata saboda kifi.

Darus bai dube shi ba. Sandar yake kallo. Ya sa yatsa a inda aka fizge zobe, ya ce, “Da ka ce mini abin da kake so ke nan, Pi, da gora ma ta ishe ka.” Ya juya ya fita. Na ce mu kai ƙara wajen hukuma, ya ƙi. Ya ce za su zo da motoci duniya ta san hanyar, kuma matacce ba ya tashi don an ci wani tara. Wannan haƙurin nasa ya fi ba ni haushi fiye da komai.

Aka yi wa Salmiah aiki, ta samu namiji. Ranar da aka sallamo ta, Darus ya tafi tafkin tun duhun asuba. Ya yi jifa har rana ta take, kwaɗo na tsalle kan ganye, babu abin da ya motsa. Ya bi magudanun gonaki, rani ya ja ruwan. Ya dawo hannu rabbana, ya kasa hawa sama ya ga 'yarsa. Mutumin da bai taɓa barin matar wani ta kwana ba romo ba.

Da la'asar sai ga Bedah da kwano a rufe, tana sunkuyar da kai, wai maigidanta ya ce a kawo wa mai jego. Romon haruan ne, da yanka manya-manya, kitse na yawo a sama. Na miƙe zan watsa shi a tsakar gida, Darus ya riƙe hannuna. Ya buɗe ya daɗe yana kallo.

“Kai mata, Su. Nata ne. Ni na bar mata su.”

Na kai, Salmiah ta shanye tas, tana cewa ta san Abah ba zai bar ta ba. Ban iya ce mata komai ba, na fito ina share ido da gefen mayafi.

A wajenmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko sukari ne sai ka zuba, ko da kun yi faɗa jiya. Na ɗauko gwangwanin sukari don dole, Darus ya ce in ajiye. Ya wanke kwanon da kansa, ya goge, ya ɗauke shi a buɗe ya bi ta tsakiyar ƙauye lokacin da mutane ke zaune a shagon kofi. Kowa ya ga cikinsa, hira ta tsaya. Ya ajiye shi a matakalar Hanapi, bai yi sallama ba, ya wuce masallaci.