Gadar Giginyar Kakana

Ƙarfe huɗu na yammacin jiya direban taraktar da muka ɗauko daga Buji ya taka birki a bakin kwarin gonarmu, ya ce shi kam ba zai hau gadar itace ba. Ga hadari ya haɗo, ga gona ba huɗa. Na kasa tsayuwa wuri ɗaya.

Kakana ne ya yi gadar, da gumagumen namijin giginya da ya shafe da baƙin mai. Har yanzu ina jin warin. Ranar da tarakta ta fara hawa, ya sauka kwarin, ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin gadar. Itace na ƙara, ƙasa na zubo masa a hula, shi kuwa yana jan carbi. Kunya ta hana ni tambayarsa dalili har ya rasu. Allah ya sa ya haye siraɗi lafiya.

Jiya kawuna ya sauka ya zauna daidai wurin. Direba ya dube shi, ya ta da inji, ya haye.

Da na tambayi kakata, ta ce, "Kai, 'yar boko! Malam cewa yake, kafin ka ɗora ran ɗan wani a sama, fara ajiye naka a ƙasa."