Dogon Wuya da Gajeren Wuya

Shekara talatin da ɗaya Mai Allura ya yi a ɗakin ajiyar ƙwari na wata cibiyar bincike, ɗaki mai taga ɗaya da warin kafur. Aikinsa shi ne ya soke matattun ƙwari da allura, ya jera su cikin durowa mai murfin gilashi, ya rubuta wa kowanne 'yar takarda da ba ta kai farce ba. Bai wuce firamare ba, amma hannunsa ba ya rawa, idonsa kuwa ko tagwaye yana raba su.

Cikin dubban halittun nan, masu naɗe ganye ne suka sace zuciyarsa. Ƙwaro ne ja, bai fi ƙwayar wake ba. Macen takan zaɓi ɗanyen ganye, ta yanka shi daga gefe zuwa jijiyar tsakiya, ta ciji jijiyar har ganyen ya yi laushi. Sai ta ninka shi, ta ajiye ƙwai guda, ta naɗe kamar tabarma, ba zare ba danƙo. Tsutsar da za ta fito, ɗakinta shi ne abincinta.

"Ga uwa," yakan ce wa baƙi. "Ta gina ɗaki da rumbu a yini guda, ba ta tsaya jiran godiya ba."

Yana sabon shiga aiki ya lura wasunsu dogon wuya ne da su kamar zalɓe, wasu kuma gajere. Ya raba su durowa biyu. Farfesa, shugaban ɗakin, mutum ne mai gaggawa. Ya duba ƙwari bakwai kacal da ke hannunsu, ya dafa kafaɗar Mai Allura a gaban ma'aikata.

"Iri biyu ne! Ka ga abin da masu digiri suka kasa gani."

Aka buga a mujalla, aka liƙa wa dogon wuyan sunan Mai Allura. Ran nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har gida.

Bayan shekara uku, wata rana da hantsi a lambun bayan cibiyar, ya tarar da dogon wuya a bayan gajeren wuya, a kan ganyen da aka fara naɗewa. Ashe miji da mata ne ya raba wa ɗaki. Ya duba dama, ya duba hagu, babu kowa. Ya sa ɗan yatsa ya kaɗe ganyen.

Farfesa ya rasu bai sani ba. Tun daga ranar, duk baƙon da ya ce, "Kai ne mai ƙwaron?" sai Mai Allura ya sunkuyar da kai. Mutane suka ce kunya gare shi, bawan Allah, ba ya son yabo. Kunyar kam gaskiya ce.

Autarsa a ɗakin nan ta tashi. A jikin takardun ƙwari ta koyi haɗa baƙi. Yanzu ga ta tana rubuta kundin digiri na biyu a kan bambancin irin nan guda biyu, saura wata ɗaya ta tsaya gaban malamai ta kare shi.

Wata safiya ta shigo da kwalba a hannu, rana ta ƙona mata goshi.

"Baba, takwaran nan naka ya fi ka taurin kai. Wata shida ina bin sa, ban taɓa ganin ya naɗe ganye ko ɗaya ba. Malalaci ne, ko attajiri ne mai 'yan aiki?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

"Amma na gano shi," ta ce. "Daga naɗin gajeren wuya na ga ya ƙyanƙyashe. Ɓarawo ne, a gidan wani yake zuba ƙwai. Shi zan rubuta a babin ƙarshe."

Mai Allura ya dubi fuskarta, tana haske kamar tasa a ranar da aka dafa masa kafaɗa. Ya hango ta tsaye gaban malamai, wani mai gilashi yana tambayarta ko ta taɓa feɗe dogon wuya ta ga ƙwai a cikinsa. Allurar da ke hannunsa ta yi masa nauyin taɓarya.

"Uwata, zauna."

"Lafiya, Baba?"

"Ba ɓarawo ba ne. Gidan uwarsa ya fito. Namiji ba ya naɗin ganye."

Ta ajiye kwalbar a kan tebur. Ƙwarin cikin kwalba suna ta hawa gilashi suna zamowa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kina goye."

"Wata shida, Baba. Cikin rana. Kullum na dawo kai ne mai ce mini sannu da ƙoƙari."

Da ƙasa za ta tsage, da ya gode mata.

"Ka san idan iri ɗaya ne, sunanka zai faɗi," ta ce. "Kuma da hannuna zan goge shi."

"Gara hannunki da na bare."

Ya tashi ya jawo durowoyin nan biyu, ya buɗe. Ya ɗauki hantsaki ya zare dogon wuya na farko, wanda Farfesa ya taɓa ɗagawa sama, zai kai shi kusa da matarsa. A hanya hantsakin ya soma karkarwa.

"Hannunka na rawa," in ji Auta.

Ba ta karɓi hantsakin ba, ba ta kuma dube shi ba. Ta dai matso da durowar kusa, ta riƙe masa ita har ya soke.