Ƙofar Manya a Shagon Kawu

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kawuna ya yi ritaya daga ma'aikata, ya buɗe shagon kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Kwamfuta shida, firinta ɗaya tal. Ni kuma na gama difloma ina ji da kaina, sai na ce zan rubuta manhajar da za ta riƙa karɓar aiki daga sauran kwamfutocin tana miƙa wa firintar.

Irin wannan manhaja saba ake ce mata. Tana buɗe soket, wato wata ƙofa mai lamba a cikin kwamfuta, ta zauna tana sauraro. Wanda ya ƙwanƙwasa ta karɓe shi. Tawa dai mutum ɗaya take karɓa, sai ta sallame shi ta waiwayi na gaba. Ban ga aibin haka ba.

Lokacin kowa ya zama ɗan siyasa, shago kullum cike da masu buga takardun taya murna. Wata Laraba wani sabon kansila daga Tarauni ya zauna buga jawabinsa da yatsa ɗaya. Ya latsa aikawa, saba ta karɓe shi, ta tambaye shi kwafi nawa. Bai amsa ba, ya tashi ya tafi cin shinkafa da wake. Mutum biyar suka yi cirko-cirko, firinta ko tari.

Kawu ya ce, "Kai, me ka yi wa injin nan?"

Na ce, "Kawu, kansila take jira."

Wata malamar makaranta da ke layi ta ce, "Ashe mu da ita duk ɗaya ne."

Washegari na gyara. Duk wanda saba ta karɓa sai ta buɗe masa soket nasa daban, ita kuma ta koma bakin ƙofa tana sauraro. Na yi wa Kawu bayani ina jiran yabo. Ya shafa gemu ya ce, "To manyan mutane fa? Da kowa za a haɗa su?"

Na ce saba ba ta san Alhaji ba. Ya ce to a koya mata.

Sai na buɗe ƙofa ta biyu da wata lamba, na saka ta a kwamfutar da ke kusa da fanka, na ce wa Kawu ga ƙofar manya nan. Layi ɗaya suke shiga da kowa, amma ban faɗa ba. Shekara uku manya suna rububin kujerar nan, wasu har suna rantsuwa ta fi sauri.