Mushe Labo Mai Ƙashi a Wuya

Mu talatin da ɗaya dogaran sarki suka tattaro aka rubuta a lakol, wato makarantar boko ta garinmu, gabas da Agiye, saura shekara guda a samu ƴancin kai. Sufeton makarantu kuma ya aiko da takarda daga Maradi cewa duk ranar da ya zo ya tarar ba mu kai ashirin da biyar ba, za a rufe lakol, a kwashe babban allo da teburi ɗaya tilo zuwa Agiye, malamin kuma a jefa shi inda Allah ya so. Kun ga ke nan yara shida kacal aka yarda su zube, a garin da uwa ke ɓoye ɗanta cikin rumbu in ta ji an ce lakol. Ni dillalin gyaɗa ne, na san irin cinikin da mai hankali ba ya taɓawa. To irinsa Mushe Labo ya karɓa, yana murmushi.

Duk wanda ya san shi ya san ƙashin nan na wuyansa: muƙamuƙin jaki ne a igiyar kaba, ya sha hannu har yana ƙyalli. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa suna. Sai zai yi salla yake cire shi ya rataye a icce. Yaran yanzu suna zaton laya ce. Ba laya ba ce, ku tsaya ku ji.

Ranar farko kakata ta biyo ni da tsumagiyarta, don an ce mata an kai ni hannun Mushe.

"Kai ne mushen?" ta ce da shi. "Kai yaro, ko yanka ba ka samu ba?"

"Iya, haka Faransawa ke kiran duk namiji mai daraja."

"To Allah ya raba jikana da irin darajar nan!"

Bai yi fushi ba. Ya ce ta matso ta sansana, in ta ji wari ta tafi da ni. Dariya ta kama tsohuwa har ta mance abin da ya kawo ta.

Shi ƙashin, sambol ake kiransa, kuma doka ce daga sama. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a aji, a rataya masa. Shi ma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda yamma ta riska da ƙashi a wuya, bulala. A wasu garuruwan wannan ƙashi ya kori yara fiye da dogarai. Shi kuwa Mushe Labo kullum safe sai ya shigo rumfar karan da muke kira aji ya ce, "Kun tashi lafiya, ƴaƴan arziki?" Sai ya dafe baki. "Kash! Na yi Hausa!" Ya ɗauki ƙashi ya rataya wa kansa. "Doka doka ce." Daga nan kuma ya wuni yana fassara mana karatu da Hausa, wai wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi.

In kana da tambaya, sai ka ɗaga hannu ka ari ƙashi. Mai ƙashi kaɗai ke magana, saura kowa shiru. Abin da a wasu wurare yara ke gudu, mu har faɗa muke yi a kansa. Amma kafin yamma sai ya karɓe abinsa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a dirkar rumfa, ya ɗauki bulala ya ce, "Labo, ka sake yin Hausa ko? Ba ka jin magana!" Ya yi ta zabgar riga, mu kuma muna ƙirgawa da Faransanci da ƙarfinmu: an, de, turwa! Kullum yana ƙara bulala ɗaya, da haka muka iya ƙirga. Ranar da muka kai sittin da tara riga ta yage daga kafaɗa. Mutumin da ke yin mako guda da alli ɗaya! Ya tsaya yana kallon yagar kamar an yi masa rasuwa, can ya ce, "Ya isa haka. Su Faransawan ma a nan ƙirgensu ya ƙare, daga nan sai sittin da goma."

Amma babbar dabararsa haruffa ce. Ya raba mana su, kowane yaro da nasa, ya rubuta a guntun ƙwarya ya rataya masa. Haruffa ashirin da shida. Biyar ɗin da suka rage ya ba su alamomin da Faransawa ke ɗora wa haruffa, irin su Hula da Wutsiya. In ya kira kalma, masu haruffanta su ruga su jeru a gaban aji. In harafi ya fito sau biyu, mai shi ya tsaya nan, ya ruga ya tsaya can. Ba mai yin gyangyaɗi, don ba ka san sa'ad da za a nemi harafinka ba. Sunayen kuwa suka bi mu. Har gobe a kasuwar Cadawa in ka nemi mahauci Alhaji Sani ba wanda zai gane. Ka ce Alhaji Igirek, wato Y da Faransanci, yaro ma zai kai ka.

Sai da na girma na gane yadda ya yi rabon. Ya dube mu ranar farko kamar yadda dillali ke duban haƙoran bijimi, ya ga waɗanda idonsu ke kan ƙofa, ya ba su A da E da I da O da U, haruffan da ba a yin kalma sai da su. Da mahaifin Amadu, mai riƙe da A, ya tsare shi a gona korar tsuntsaye, Mushe bai kai ƙara wurin sarki ba. Ya kwashe mu duka muka tafi gonar, muka wuni muna ihun "a, e, i, o, u!" Ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Washegari uban da kansa ya kawo Amadu, yana tambaya ko lakol za ta sake zuwa gona ranar Talata.

Da aka samu ƴancin kai aka aiko a koya mana kalmar da Faransanci: indépendance. Ku ƙirga ku gani, N uku ne, E uku, D biyu. Dije, ƴar ƙaramar cikinmu mai riƙe da E, ta yi ta zirga-zirga har kallabinta ya faɗi. Nomau mai N ya zube ƙasa yana haki ya ce, "Mushe, ara mini ƙashi." Aka ba shi. Ya ce, "Wallahi ƴancin nan akwai wahala." Mushe ya ce, "Ɗana, kai ne ka fara ganewa a duk ƙasar nan."

Ni fa? Ni ne sarkin surutu na ajin. Sai ya ba ni H, wanda Faransawa ke kira ash, harafin da ake rubutawa amma ba a furta shi. In na jeru, kowa ya faɗi sautinsa, in an zo kaina ya ɗora yatsa a baki. Ga kuma sunan! Kowa ya yi tuntuɓe ko ya zubar da fura ya ce "Ash!" sai yara su juyo su ce, "Ana kiranka." Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Duk da dabarun nan, kafin kaka ta biyu shida sun zube. Wasu iyayensu sun tsallaka iyaka da su, wasu an tura su kiwo can nesa. Ya rarraba haruffansu, wasu suka riƙe bibbiyu. Muka tsaya ashirin da biyar cif. Sai ni na zama na bakwai. Na bi ayarin jakai zuwa Gazawa wurin kawuna mai fataucin goro, ina ce wa kaina: harafin da ba a ji ko yana nan, wa zai ji in ba ya nan?

Kwana goma sha biyu, ina zaune bakin huhun goro, sai ga mutum ya ɓullo fari fat da ƙura, ƙashi a wuya, yana tura keke. Tura shi yake yi, ba hawa ba, tun daga garinmu!

Kawu ya ce, "Malam, keken ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Taya ke ƙarewa, ƙafa kuwa tana sake fata."

"To me ya sa ka taho da shi?"

"Don yaron ya samu abin hawa in za mu koma."

Na ce ba zan koma ba. Na ce a ba wani harafin, ai ba shi da amfani. Ya tsuguna a gabana, ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta h-o-m-m-e da yatsa.

"Karanta."

Na ce, "Om."

"Me ake nufi?"

"Mutum."

Ya shafe harafin farko. "Yanzu fa?"

"Om ne dai."

"A kunne om ne. A takarda ba komai ba ne. Ɗana, ba a jin ka, amma kai ke gaba, in babu kai mutum bai cika ba. Ban ba kowa harafinka ba. Kwana goma sha biyu ke nan ba mu rubuta kalma mai ash ba." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Sufeto zai zo ranar Litinin. Ba don shi na zo ba, amma ba zan ɓoye maka ba, da kai muke ashirin da biyar."

Bai ja ni ba, bai yi wa kawu barazana da dogarai ba. Ya sha ruwa, ya karɓi goro ɗaya, ya juya yana tura kekensa, sirdin ba kowa.

Ranar Litinin da hantsi na dawo garinmu, ina bayan zanan aji, kunya ta hana ni shiga. Ta kafar zana na ga sufeto ya iso, wani Bature mai jan wuya. Don ya nuna ya daɗe a ƙasar, yana shiga ya ɗaga hannu ya ce da Hausa, "Sannu, yara!"

Dije ta tashi, ta je gaban Mushe, ya sunkuyo ta cire ƙashi. Ta taka har gaban Bature, ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Mushe, sambol."

Bature ya dubi Mushe Labo. Mushe ya dubi rufin rumfa ya ce da Faransanci, "Doka doka ce." Wuyan Bature ya ƙara ja, sa'an nan ya ƙyalƙyale da dariya ya rataya muƙamuƙin jaki a kan farar rigarsa.

Amma dariya ba ta hana shi ƙirga ba. Ya ƙirga, ashirin da huɗu. Ya sake ƙirgawa, ashirin da huɗu. Ya buɗe littafinsa ya cire murfin alƙalami. Mushe ya roƙi a bar shi ya nuna darasi ɗaya tak. Ya kira, "Homme!" O ya fito, Mamman mai M ya tsaya yana shirin gudu, Dije ta tsaya a ƙarshe. Suka bar gurbi a gaba, daidai faɗin yaro ɗaya. Bature ya ce akwai harafin da babu. Mushe ya ce haka ne, amma yana roƙon a ara masa ƙashi. Ya ciro shi daga wuyan Bature ya rataya, ya juyo wajen zana ya ce da Hausa:

"Ash, ƙafafunka sun iso tun ɗazu, ina ganin su ta ƙasa. Sauran jikin fa?"

Na shiga kaina a ƙasa. Guntun ƙwaryata na rataye a dirka inda na bar shi. Na ɗauka na tsaya a gurbina. Aka zo kaina na yi shiru, shirun da ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Bature ya rubuta ashirin da biyar. Da zai hau mota Mushe ya ce masa, "Ka yi sa'a na karɓi ƙashin nan kafin yamma."

To ga lissafin, tunda shi na iya. An ba shi talatin da ɗaya, ya rasa shida, kuma har ya tsufa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar gobe za su dawo. Cikin ashirin da biyar an samu malamai uku, ungozoma ɗaya wato Dije, sauran manoma da ƴan kasuwa masu karanta takardarsu da kansu. Rumfar kara ta zama azuzuwa shida na siminti. Ni kuma abin da na ci da shi a dillanci duk daga ash ne: in mai saye da mai sayarwa suna magana, ka tsaya a gaba ka yi shiru. Shi da ya rasu, abin da ya bari: keke mai tayoyinsa na asali, rabin alli, da ƙashi.

Ranar sadakar uku mu takwas muka haɗu a ƙofar gidansa, duk da furfura. Dije ta leƙo daga zaure ta ce mu jeru masa kalma ɗaya ta ƙarshe. Muka duba haruffan da suka rage a duniya. Amadu na nan, mai I na nan, Nomau na nan da sandarsa. Sai M ne babu, Mamman ya riga mu gidan gaskiya bara. Dije ta ce, "Ku bar gurbin. Ai da M ake rubuta Mushe." Suka jeru, A, sai gurbi daidai faɗin mutum ɗaya, sai I, sai N. Ni na tsaya a gefe na yi aikina.

Allah ya jiƙan Mushe Labo. Yadda bai bari yamma ta riski ɗan kowa da ƙashi a wuya ba, Allah ya sauke masa nasa nauyin. Yadda ya ajiye mini gurbina, Allah ya ajiye masa nasa a Aljanna. Amin.